Moɗa Ta Shiga Falo

Moɗar da kakanninmu ke tufka igiya da zarenta, ga ta yau a falo cikin tukunya mai fenti, har kuɗi aka biya. To, madalla. Ita ce daidai da malalaci: tana jure ƙarancin haske, ko ta yi mako biyu babu ruwa, ko a jikinta.

Ƙauna ce ke kashe ta. Hajiya ta zuba ruwa da safe, 'yar aiki ta ƙara da yamma, Alhaji ya juye mata ragowar shayi. Tukunya babu huji a gindi, saiwa ta ruɓe, ganye ya langaɓe. Sai ka ji Hajiya tana cewa ai tun ranar da maƙwabciya ta yaba shukar nan ta san ba za ta yi kwana ba.