Jinjina ga Sarkin Baragurbi

A unguwarmu Allah ya azurta mu da wani maƙwabci wanda ya kamata a ce Jami'ar Ahmadu Bello ta aiko da mota daga Zariya ta ɗauke shi, ya je ya koya wa likitocin dabbobi aiki. Ba zan kama suna ba, kada masu neman ilimi su hana shi barci. Fanninsa kwancin kaza.

Da damina ta kankama, wata jar kazarsa ta daina saka ƙwai, ta lafe a gurbi, ta tayar da gashi, wanda ya matso ta kai masa sara. Mu marasa karatu mun san kazar Hausa ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa. Gwani ya ce wannan rowa ce, ya jera mata 25. Waɗanda fiffike bai kai gare su ba suka zauna a gefe suna shan iska. Da yake kuma kaza kullum cikin juya ƙwanta take, na gefe ya shiga tsakiya, na tsakiya ya fito, sai kowane ƙwai ya sami rabonsa na sanyi. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan?

Rabin ƙwan ma na zabi ne. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai ya kai wajen 28. Shi ya sa iyayenmu mata suke fara sa na zabi, bayan mako guda su ƙara na kaza, don a ƙyanƙyashe tare. Gwani ya ce wannan lissafin tsofaffi ne, ƙwai dai ƙwai ne, ya zuba su rana ɗaya. Bai ɓata su da alamar gawayi ba, saboda haka da sauran kaji suka riƙa kutsawa suna ƙara nasu, ba mai iya bambance na jiya da na makon jiya. Haɗin kai ke nan.

Inda na fi sara masa shi ne maganin da ya yi wa wannan kutse. Ya kifa mata kwando, ya ɗora dutse. Kaza mai kwanci takan fita sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima cikin toka don ta rage ƙuma, ta koma kafin ƙwai ya huce. Na ce masa, "Alhaji, ko kaskon ruwa da 'yar dusa a ajiye mata?" Ya dube ni da tausayi, ya ce mai halwa ba ruwanta da abinci. Sai in ya tuna yake ɗaga kwandon. Ƙuma dai ba ta yi ƙorafi ba, ta ci ta yi ɓul-ɓul. Batun haska ƙwai da tocila bayan kwana 10 don a cire marar ɗa kuwa, cewa ya yi leƙen asiri ne.

Da kwana 21 suka cika, tsaki uku suka fito. Uwar ta tashi da su tana tangaɗi, ta bar ƙwan zabi saura mako guda. Kwana kaɗan suka fara fashewa, kuma don karamci irin nasa, ba gidan da ƙamshin bai kai ba. Akurki kuwa tauye 'yancin yara ne, don haka shirwa ta ɗauki biyu, muzuru ya yi sahur da na ukun.

Binciken gwani bai ɗauki lokaci ba: baki ne aka yi wa kazar, ita ma dama ba ta da albarka. Ya yanka ta, ya aiko mana da romo, Allah ya saka. Mun lalube kwanon, ƙashi ne da fata.

Jiya ya sayo wata a kasuwa. Ya ce wannan ta fi faɗin ƙirji, 30 zai sa mata.