Kalmar da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

A firamare malam ya ce "run" na nufin gudu, muka rubuta, muka rufe littafi. Ashe da sauran rina a kaba.

Bature in mura ta kama shi, hancinsa ne ke "run", alhali hancin na nan daram a fuska, majina ce kawai ke zuba. Famfo ma "run" yake yi, haka firijin da bai taɓa ɗaga ƙafa daga lungunsa ba. Mai kanti na "run" ɗin kantinsa yana gyangyaɗi a kan benci. Ɗan siyasa kuwa, mu mun ce ya tsaya takara, Ba'amurke ya ce yana "run". Nasu ya fi kusa da gaskiya, musamman bayan zaɓe, in talakawa suka zo ƙofar gida karɓar alkawari. Gudawa ce kaɗai bakinmu ya zo ɗaya da su, don "runs" suke ce mata.

A 2011 masu ƙamus na Oxford suka ƙirga wa "run" ma'ana 645 a aikatau kaɗai, ta doke "set" mai 430. Wani editansu, Peter Gilliver, wata tara ya kwashe yana bin ta, a zaune.