Wasiƙa Zuwa Michika Daga Ƙasar Masu Sanda Biyu

Offenburg, Jamus
Lahadi da dare

Yaya,

Kafin ki fara karantawa ki tara min Inna da Kawu da Goggo da Auta a gindin dalbejiya, don ba na so gobe wani ya ce a gutsure aka ba shi labari. Saƙon da na turo na san ya iso, tunda Auta ya daina yi min filashin. Maganar fili kin san inda na tsaya. Ɗaya maganar kuma da Goggo ta matsa a kai, a ɗan dakata tukuna. Aiki lafiya, tsofaffin da nake kula da su lafiya, sanyi ya yi sauƙi, jarrabawar harshe na ci. Shi ke nan labarai. Yanzu ki gyara zama.

Yaya, mutanen nan hawan dutse suke yi.

Na san za ki ce ina abin labari a nan, mu da aka binne cibiyarmu a gindin duwatsun Mandara. Ki bari in kai ƙarshe. Ba su da gona a can sama. Ba akuya ce ta ɓata ba. Babu biki, babu gaisuwar mutuwa, ba kuma bashi za su karɓo ba. Mutum ga motarsa a ƙofar gida cike da mai, amma ranar Lahadi, ranar da duk kantunan garin ke rufe kowa ya samu ya huta, sai ya yi sammako ya biya kuɗin jirgin ƙasa a kai shi gindin dutse. Ya hau da ƙafa yana haki, ya kai ƙololuwa, ya zauna ya ci burodi da cuku, ya kalli ƙasa ya yi ajiyar zuciya, ya sauko. Ko ƙiraren hura wuta ba ya riƙowa, ga itace nan zube ko'ina yana ruɓewa. Da Inna ta ga itacen da ake tsallakewa a dajin nan, wallahi sai ta yi hawaye.

Sunan abin Wandern. Kada Auta ya karanta shi wando, ko da yake wandon ma na musamman ne, yana da zif a gwiwa, in rana ta yi zafi sai mutum ya zuge ƙafafun ya jefa a jaka ya koma ɗan makarantar firamare. Takalmin kuwa na ɗaga guda a kanti na duba farashi, Yuro 180. Ki hana Kawu buga lissafinsa da naira, hawan jininsa zai motsa. Akwai jakar goyo mai ruwa a ciki, da ɗan siririn tiyo da ya zagayo kafaɗa ya zo daidai baki, mutum na tafiya yana tsotsa kamar wanda aka kwantar a asibiti. Akwai agogon da ke ƙirga taku, in an sauko kowa ya duba nasa a yi ta gardamar wa ya fi wahala. Sai sanda. Biyu, Yaya. Ƙato lafiyayye, ƙirji kamar ƙofar zaure, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu yana ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kaka da sanda ɗaya ta yi ta hawa har ta tsufa, ita ma rabin aikin sandar korar mu ne daga gonar gyaɗarta.

Kada ki ɗauka wasan yara ne. Ƙungiya gare su, mai shugaba da ma'aji da katin zama ɗan ƙungiya. Ta wannan yankin namu na Baƙin Daji, wato Schwarzwald, an kafa ta a Freiburg tun 1864. Aikinsu su bi daji suna maƙala alama a jikin itatuwa don kada mai yawo ya ɓace. Akwai wata hanya da suka shata tun 1900, daga Pforzheim har Basel a ƙasar Suwizalan, kilomita wajen 285, alamarta ɗan jan tambari mai kusurwa huɗu a kan farin allo. Ta fi nisan Michika zuwa Yola. Mutane na ɗaukar hutun shekara su tafi su taka ta, su dawo ƙafa duk bororo suna nuna wa maƙwabta da alfahari. A gida wanda ya taka daga Michika zuwa Yola, jaje ake zuwa yi masa.

To yau dai aka ja ni. Wani abokin aikina ne ya nace, shi da mahaifiyarsa, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ita ma da sandunanta biyu. Muka bi jirgi ta kwarin kogin Kinzig. Muka ɗan tsaya a Gengenbach, tsohon gari mai ƙofofi da hasumiya, gidajen an yi musu gwangwala da baƙin katako an cike tsakani da farin shafe, kowace taga da tukunyar fure. Yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani a Gutach.

A can akwai wani gidan manomi da aka gina a 1612, ana ce masa Vogtsbauernhof, sun mayar da shi gidan tarihi. Sai ka yanki tikiti kafin ka shiga. Na biya, na sunkuya na shiga, aka kai mu madafa. Yaya, madafar Inna ce! Bango baƙi ƙirin da hayaƙi, rufi duk kunkunniya, ga murhu, ga tukwane, ga wurin rataye nama, shanu kuma a da ƙarƙashin rufi ɗaya suke kwana da masu gida. Turawa sun yi cirko-cirko suna magana ƙasa-ƙasa kamar a wurin ibada, suna ɗaukar hoton toka. Wata mata har da shafa bango ta sansana yatsa. Ki gaya wa Inna daga yau kada ta sake cewa a sauya mata madafa. Dukiya take zaune a kai. A sa Auta a bakin ƙofa da ɗan teburi da littafin rasit, Goggo kuma ta riƙa bayani, tunda ita ko ba a tambaye ta ba za ta yi.

Daga nan muka kama hawa. Ni da takalmin aikina, hannu a aljihu. Kafin a kai rabi na tsaya jiransu sau huɗu. Tsohuwar ta iso tana numfashi sama-sama, ta tambaye ni a wace ƙungiya na samu horo. Na ce ƙungiyar Inna, wadda ake shiga tun ana shekara bakwai, kayan aikinta gammo da tulu, kuma duk wanda ya zubar da ruwa sai ya koma. Ta ce a rubuta mata sunan ƙungiyar.

A can sama akwai benci, don ko'ina sai sun kafa benci. Muka zauna, na ciro waya na nuna musu Sukur. Na ce waɗannan maƙwabtanmu ne a Madagali. Ku dubi hanyar nan, shimfiɗar duwatsu ce da hannu aka jera tun daga gindi har gidan Hidi, sarkinsu, a can bisa, ba siminti ba inji. Ku dubi gonakin da aka ɗaure wa katangar dutse hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. A da mutanen nan ƙarfe suke narkarwa, tun kaka da kakanni. A 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, shi ne na farko a duk Nijeriya. Yaya, da kin ga yadda na miƙe wuya. Tsohuwar ta cire tabarau ta goge ta mayar. Na ƙara musu da cewa ai ɗan ƙasarsu Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Uba da Mubi a 1851 zai je Yola, kuma kafin yaƙin duniya na farko Jamusawa ne ke mulkin duwatsunmu. Ashe ciwon yawon na gado ne, tun tuni suke zuwa har ƙofar gidanmu.

Sai ta yi min tambaya, da zuciya ɗaya ta yi ta. Wai kakanninmu sun gina gidaje a kan dutse ne saboda kyan kallo?

Na ɗan jima ban ce komai ba. Sannan na ba ta labarin da Kaka ke ba mu na Hamman Yaji na Madagali, yadda mahayansa ke kai hari suna kwashe mata da yara har sai da Ingilishi suka tuɓe shi a 1927, da yadda doki ba ya iya bin mutum cikin tsaga. Na gaya mata na Satumban 2014, ranar da Michika ta faɗa hannun mahara. Ban faɗa mata duka ba. Na dai ce mun hau dutse da dare, ba fitila don kada a hango mu, ke da goyo, ni da Kaka a bayana, kuma a daren nan babu wanda ya ƙirga taku. Ta ajiye sandunanta ta riƙe hannuna, ba ta saki ba har shayin da ke cikin fulas ya huce.

Abu ɗaya dai dutsensu ya rasa. A hanya in kun haɗu da mutum, kalma ɗaya zai jefo maka ya wuce, ko tsayawa ba ya yi. Babu ina gajiya, babu ya mutan gida, babu ɗan wane ne kai. A wurinmu hawan awa guda sai ya ci wuni, don kowace katanga akwai mai miƙo ƙwaryar ruwa yana tambayar lafiyar Inna. Yau na tsaya a ƙololuwa na baza kunne, ko zakara babu, ko sautin turmi. Iska kawai cikin itatuwa. Na yi gaisuwa da yarenmu na Kamwe da ƙarfi, don in ji yadda za ta sauka a kan dutsen wasu.

Amma bar wannan, ga shawara, kuma Kawu ya saurara da kyau tunda mu mutanen Michika ba a bar mu a baya wajen neman na kai ba. 'Yan uwanmu Kapsiki na tsallaken iyaka sun daɗe suna cin kuɗin Turawa a Rumsiki, ana zuwa kallon tsinin dutsensu da bokan da ke duba da ƙaguwa. Mu me muka rasa? In Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ni zan turo su, ku ku karɓe su. Kawu ne ɗan jagora, sai dai a ja masa kunne kada ya tsaya a Bazza gaida surukai baƙi na tsaye a rana. Auta ya fara sassaƙa sanduna, bibbiyu za a riƙa sayarwa, kada ya kuskura ya raba. Inna ta dama kunun gyaɗa a kai can sama, kofi ɗaya Yuro biyar, za su sha su nemi ƙari. Wanda kuma ya ce yana son ainihin abin, a ɗora masa damin dawa a ka ya sauko da shi, a caje shi ninki biyu, mu kuma an yi mana girbi.

Na saya wa Inna sanduna biyu irin nasu, masu tsawaita da gajarta, suna nan zuwa hannun mai tahowa. Na san kaji za ta kora da su, ba komai. Abin da nake so ku yi min shi ne Auta ya hau acaɓa ya je Kamale da sassafe, kafin hazo ya tashi, ya ɗauko min hoton dutsen tun daga gindi har tsini, kuma kada ya sa fuskarsa ta rufe rabi kamar wancan karon. Tsohuwar ta ce Lahadi mai zuwa Feldberg za mu, dutse mafi tsawo a dajin nan, mita 1,493, kuma ta ce in zo da hotunan gida. Na amsa mata.

A gaida kowa da kowa, har da wanda zai ce ban ambaci sunansa ba. A saka min daddawa da yaji cikin saƙo na gaba.

Ƙaninki.