Ƙwallon Lambu a Lambun Albasa

Tun ran da likita ya auna jinina a Sakkwato, ya kaɗa kai, ya ce in ina son ganin auren jikokina lalle in riƙa tafiyar ƙasa kullum, na shiga neman dabarar da dattijo mai furfura, wanda ya shekara talatin yana karantar da 'ya'yan mutane, zai yi ta yawo a bayan garin Giyawa ba a ce ya taɓu ba. Ana haka sai mijin 'yata, mai aikin gwamnati a Kaduna, ya ba ni labarin wasan da manya ke yi can, wai shi golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu: mutum ya bugi 'yar ƙwallo da sanda, ya bi ta a hankali, har ya zura ta ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya. Da na ji an ambaci lambu sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, domin mu mutanen ƙasar Goronyo, da tun da aka datse gulbin Rima fadamarmu ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, in dai sha'ani na lambu ne babu mai gwada mana shi.

Yaron ya yi mini bayani, Allah ya yi masa albarka, cewa sandunan ƙarfe suna da lamba daga 3 zuwa 9, kuma wadda lambarta ta fi girma ita ta fi gajarta, bakinta ya fi kwanciya don ta ɗaga ƙwallo sama, sa'an nan ya ce, "Baba, kada ku saya sai ina nan, don sanda sai ta dace da tsawon mutum da hannunsa." Wannan nasiha ta ƙarshe na bar ta ta wuce, saboda ban ga hujjar da za ta sa yaron da na ba 'yata ya koya mini sayen sanda ba.

Wata lalura ta kai ni Kano, na ratsa wajen 'yan gwanjo, sai ga sandunan cikin tsohuwar jakar fata, bakwai cif, suna ƙyalli. Mai kayan, wanda ya yi ta kira na Alhaji alhali ban taɓa wuce Jega ta yamma ba, ya rantse cewa na wani Bature ne gwani, kuma da ganina ya san kamar don ni aka ƙera su. Na gwada su yadda ake gwada sandar kiwo, na dogara, na ƙwanƙwasa a ƙasa, na ji ba su da rauni, na biya kuɗin buhun albasa uku. Malaman fiƙihu sun hana cinikin garari, irin sayen kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. Ni kuwa hajar tana gabana a fili, duhun yana cikin kaina ne, kuma ban tuna babin da ya yi magana a kan wannan ba.

Kashegarin komowata, bayan sallar asuba, na gangara fadama, na haƙa rami da fartanya, na tsaya kamar yadda aka kwatanta mini, sai na ga bakin sandar yana duban baya, ƙeyarta ce ke fuskantar ƙwallo, ƙotarta kuma ta kusa taɓa mini ƙirji. Kwana uku ina sarar ƙasa, har wani mai ban-ruwa ya ce in kaftu nake so ya ara mini galma. Na yanke hukunci cewa kaya na da aibi, kuma ko da yake shari'a ta ba mai saye zaɓin mayarwa, Kano ba nan kusa ba ce, saboda haka na kai su maƙera.

Maƙerin ya juya ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya yi dariya har ya saki zugazugi. "Mallam, ƙarhen ga lahiya tai lau. Na bahago na, kamar yadda muka yi musu lauje nasu daban."

Nan na yi shiru, domin ya tono abin da na shekara sittin ina binnewa: ni bahago aka haife ni, bulalar makarantar allo ce ta ƙaura da alƙalamina zuwa dama. Na sa ya rage mini tsawon mai lamba 7 da faɗin tafin hannu, na koma fadama, na duba gabas da yamma ban ga ɗalibina ko ɗaya ba, na juya ta hagu, na yi bismilla, na kai bugu. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Ƙwallo ta tashi kamar an aike ta, ta tsallake lambuna, ta tsallake injin ban-ruwa, ta sauka a kan gindin jakin maƙwabcina, wanda ke tsaye da mangala cike da taki. Shi kuwa jakin bai tsaya bincike ba, ya ratsa fangalin irin albasa guda tara, ya watsa takin a gonar wani dabam.

Da aka zauna a ƙofar liman don sulhu, na so in kare kaina da nasabar wasan, na ce daɗaɗɗe ne mai asali, har a shekarar 1457 Sarki Jemis na biyu na Sikotilan sai da ya hana shi, saboda yana shagaltar da samari daga koyon harbin kibiya. Liman ya shafa gemu, ya ce, "Ashe har cikin Nasara an yi sarakuna masu adalci." Aka ɗora mini lamunin irin albasa, aka yi taƙaddama mai tsawo a kan takin, wanda mai gonar da ya faɗa cikinta ya ce kyauta ce daga Allah, na biya shi ma.

Ƙwallon ba a gan ta ba har yau. Sanduna shida suna zaure, ban da mai lamba 3 da uwargida ta karɓe don kaɗo mangwaro. Da surukina ya bugo waya yana tambaya ko na sami masu dacewa da ni, na ce masa sun dace ƙwarai, ya tambayi jakin Giyawa.