Rago Ko Kyamara

Sha'awar ɗaukar hoto ba ta da laifi muddin mutum gwauro ne ko sabon ango. Kuɗinsa nasa ne, yammacinsa nasa ne, ba mai tambayarsa dalilin da ya sa ya tsuguna gaban jaki rabin sa'a yana jiran ya ɗago kai. Rigima tana somawa ne ranar da mai ɗaki ta fara ƙin warin daddawa. Daga nan mai hoto ya shiga hannun abu biyu da ba sa sassauta wa kowa a ƙasar Zamfara, wato kunya da kuɗin suna. Abin da ya fi so ya ɗauka kunya ta hana, abin da kunya ta ƙyale kuma aljihu ya hana. Daga Gidan Goga zuwa Maradun, Bakura da Talata Mafara, kowane mai hoto da irin tasa dabarar.

Na fi tausayin mai alkunya, wanda ke jiran ɗan fari. An mayar da matarsa gidan iyayenta goyon ciki, shi kuwa a majalisa sai ya nuna bai ma san da zancen ba. Ka ce masa, "Ya mai jiki?" ya ce, "Wace?" Sai ka duba wayarsa. Ya goge hotunan bikinsa, ya goge na ɗaurin auren abokai, ya sayo sabon memori ya ɓoye a aljihun gaba. Kafin ranar ta zo yana huce haushinsa a kan madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato aka gama a 1978. Ya ɗauke ta da safe, ya ɗauke ta da yamma, ya ɗauki masunta, ya ɗauki shinkafar rani tun tana dashe har aka yanke. Ranar da aka haihu kuwa ƙafarsa ba za ta taka gidan surukai da kyamara ba. Ƙanwarsa zai kira bayan ɗaki, ya damƙa mata waya, ya yi mata karatun haske: ta juya wa ƙofa baya, ta riƙe numfashi, kada ta girgiza hannu. Yarinya ta dawo da hoton zane, da hoton kwanon kunun kanwa, da nata na kanta guda shida. "Yaya, barci yake yi, Inna ta ce kada a buɗe shi."

Kishiyarsa shi ne ɗan boko, galibi wanda ya ɗan zauna a kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara ya ƙware a Instagram. Ya ga matan Amurka da na Legas suna tsayawa a fili, miji ya dafa ciki, ana ɗaukar hoto wata-wata. Sai ya kawo shawarar gida, a wurin da mace ke ƙara faɗin hijabi don kada maƙwabta su gane, a wurin da ake jin labarin ciki daga bakin ungozoma bayan an sauka. Matar ba ta ce masa komai ba, ta dai gaya wa uwarsa. Tsohuwa ta aika a kira shi.

"Kai, mi nike ji? Cikin za ka nuna wa duniya?"

"Inna, tarihi ne. Don yaro ya gani in ya girma."

"Kai da ba a ɗauke ka ba, ba ka girma ba?"

Ƙarshenta hoton ciki ɗaya ya samu, wanda na'urar asibiti ta fitar ranar awo, baƙi da fari, a takarda mai santsi. Ya kai an yi masa firam. Gwaggonsa ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce hadarin gabas ne.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Akwai amarya mai ɗaukar kanta hoto kullum, wadda ba za ta iya dainawa ba don kada a zarga. Dabararta ita ce daga wuya zuwa sama. Sai dai ƙawaye ba ciki suke dubawa ba, hanci suke dubawa. Da ya soma buɗewa sai saƙo ya fara shigowa: "Allah ya raba lafiya."

Tsohon hannu dabam yake. Shi ya fara ne zamanin fim, tun kafin a yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996, lokacin da naɗi ɗaya ke cin hoto 36, kuma sai ka kai Gusau ko Sakkwato a wanke kafin ka san ko ka yanke wa liman kai. Har yau yana ganin lalacewar duniya ta soma ne ranar da kamfanin Kodak ya durƙushe a 2012. Yana raina 'yan waya, yana cewa wanda ba ya biyan kuɗin kuskurensa ba zai taɓa iya hoto ba, kuma a nan ina tare da shi. Inda muka rabu shi ne gidansa. Yanzu haihuwa ta tara yake jira. Ɗan farinsa, duk da alkunyar, yana da albam guda: ga zama, ga rarrafe, ga haƙorin farko. Na biyar yana da hoto biyu. Na takwas bai ga fuskarsa a takarda ba sai da makaranta ta nemi fasfo.

Sannan ga mai shiri, wanda ya kai waya wurin mai caji tun jajibiri, ya aro batirin tafi-da-gidanka, ya goge gilashi da bakin riga. Abin da bai lissafa ba shi ne ana raɗa suna ne bayan sallar asuba, cikin zaure ko ƙofar gida, rana ba ta fito ba. Kyamarar waya idan haske ya yi ƙaranci sai ta daɗe ido buɗe, duk wanda ya motsa ya zama aljani, ga shi kuwa lokacin shafa fatiha kowa hannunsa motsi yake. In ya kunna fitilar kyamara dattawa su harare shi. In hunturu ne ƙura ta mayar da hasken fari fat. Ɗakin mai jego kuwa duhu ne da hayaƙi, kuma ba wurin maza ba ne. Hoto ɗaya ke fita tas a ranar, na rago bayan an feɗe, don shi kaɗai ne ya tsaya cak a rana.

A yankin nan akwai abin da ya fi duhu takura wa mai hoto. Shekarun rashin tsaro sun sa wanda a da ke fita daji neman tsuntsu ya koma bakin kasuwa, kuma baƙon da ya ɗaga kyamara a ƙauye sai ya yi bayanin kansa. Da aka katse layukan waya a jihar a watan Satumba na 2021, masu saka jariri a WhatsApp tun kafin a yanke cibi suka rasa inda za su kai shi. Yaran wannan lokacin da goro da baki aka sanar da zuwansu, kuma ba wanda ya fasa zuwa barka.

Na ƙarshe shi ne mai lissafi. Ya yi wata da watanni yana tara kuɗin sabon gilashin kyamara, sai ga jerin buƙatu daga gidan surukai: itacen wankan jego, gero, kanwa, kayan yaji, ƙafafun sa na ƙauri, atamfar fitar suna, ladan wanzami, goro, da uban gayya, rago. Ranar Talata ya hau babur zuwa kasuwar Mafara don taya rago. Ya ji farashi, ya ja da baya, ya ga yadda hasken hantsi ya faɗa kan ƙahon wani balami, ya ciro kyamara. Da la'asar ya dawo da hotunan raguna cike da memori, babu ko igiya. Talata ta biyu ma haka. Ta uku, ciki ya tsufa, ya sayar da kyamarar ga wani yaro mai shagon hoto ya jawo rago gida.

Ranar suna dangin mai jego suka ɗauko mai hoto na haya. Yaron nan ne, rataye da kyamarar. Ya jera maza a ƙofar gida, ya leƙa, ya ɗago kai ya ce, "Angon ƙarni, a ɗan matsa hagu, a kuma saki fuska." Angon ƙarni bai matsa ba. Ya ce masa ya rufe murfin batir da kyau, yana ɗan buɗewa, sannan ya tambaye shi nawa ne kowane hoto.