Ziyarar Ilimi Zuwa Tiga

Idan ɗalibi a Tudun Wadan Dankadai ya ce maka za su ziyarar ilimi dam ɗin Tiga, leƙa jakarsa: tabarau na aro, turare, cajar waya. Biro kuwa sai dai a roƙi direba.

Tun a mota ake fara darasi: wa bai biya karo-karo ba? Kowa ya rantse ko sisi babu. Sai an kai Kwanar Dangora, ƙamshin tsire ya buso, aljihuna su farfaɗo.

A bakin ruwa malam yana ta bayanin aikin Audu Bako da shinkafar Kadawa, su kuwa kowa na neman inda haske ya fi kyau. Can wani ya ɗaga hannu. Malam har ya yi murna.

"Malam, ɗan gusa kaɗan, ka tare min dam ɗin."