Ai Ga Ki Nan Garau

Mu dai a unguwar nan, ciwo sai mun gan shi da ido muke yarda da shi. Wanda ya zo da sanda mu matsa masa a benci, mai keken guragu yara su ruga su tura shi ya haye kwalbati. Halinmu ne, kuma mai kyau ne, Allah ya bar mu da shi. Amma bari yarinya ta fito tsaf da mayafinta ta ce ƙugunta ke sara kamar ana buga masa ƙusa, sai ka ji an ce, "Ke kuwa, ai ga ki nan garau."

Zancen ya taso ne shekaranjiya da la'asar a tsakar gidan Inna, muna tsinkar zogale. Maƙwabciyata ta shigo idonta jawur, ba ta runtsa ba. 'Yarta mai shekara 22 tana da sikila. Ta ji ana rubuta sunayen masu buƙata ta musamman don tallafi, ta ɗauki katin asibitinta ta bi layi. Awa biyu tana tsaye a rana. Da aka zo kanta, mai rubutun ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Malama, wannan layin nakasassu ne." Ta miƙa katin, ga SS ɓaro-ɓaro a jiki, ya ce shi ba a ce ya rubuta irin waɗannan ba. Ta dawo gida shiru. Wajen ƙarfe biyun dare ciwon ya tashi. Uwar ta dafa ruwa tana gasa mata ƙafafu da tawul, abu ya ƙi, sai da aka buga wa mai adaidaita ƙofa. Aka kwana a asibiti ana ƙarin ruwa da allurar kashe zafi.

Inna ta ajiye tiren ta ce, "Tsayuwar ranar nan ce ta ja mata." Gaskiyarta. Ƙwayoyin jinin mai sikila lanƙwashewa suke yi kamar lauje, su cushe a ƙananan jijiyoyi, duk inda jinin ya kasa isa nan ne ke ɗaukar azaba. Ƙishirwa na tayar da shi, sanyin hunturu na tayar da shi, haka maleriya da gajiya. Ƙwayar jinin mai lafiya takan kai kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum suke cikin ƙarancin jini, idonsu da ɗan ruwan ɗorawa. Wasu ma kan ƙashin ƙugunsu ne ke mutuwa a hankali. Duk wannan a ƙarƙashin atamfa yake faruwa, wa zai gani? Inna ta ce su a da amosani suke cewa, gidan da yara suka yi ta mutuwa kuma a ce wabi ne. Ta yi shiru jim, ta ce Allah kaɗai ya san nawa daga cikinsu wannan ciwon ne.

Kuma fa ba ƙananan mutane ba ne. Kusan jarirai 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Amma duba yadda muka tsara kanmu tun kaka da kakanni: akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare. In rabo ya zo, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a karɓi sunaye. Mai sikila ba shi da sarki, mai farfaɗiya ma haka, balle wanda ƙodarsa ta gaza yake zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako.

Malamar makarantar da ke haya a gidan Inna ce ta ɗauko zancen doka. Ta ce, "Inna, ai tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa." Dokar ta ce a ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a fara sallamarsu in ana layi. Yadda ta fassara nakasa kuwa bai tsaya ga abin da ido ke gani ba: lalura ce mai daɗewa, ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta ji da gani, wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Ni dai a ganina, yarinyar da ke kwana asibiti sau huɗu sau biyar a shekara, ta bar aiki biyu saboda an gaji da neman uzurinta, ta shiga wannan bayanin ba tantama. Wata ta tuna mana Jigawa, inda aka fara biyan masu nakasa naira 7,000 duk wata a zamanin Sule Lamido. Abu ya yi kyau. Sai dai ko ina ne, in mai riƙe da biro da ido yake tantancewa maimakon takardar likita, irin 'yar maƙwabciyata a waje za su tsaya.

Nan ne maƙwabciyar ta faɗi abin da ya sa kowa ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya, ni kaina shekara nawa ina ɓoyewa? In ta kwanta sai in ce zazzaɓi ne." Don me? Don aure. Mu ne muke cewa kada ɗanmu ya kwaso jinya. Mu ne in mai farfaɗiya ya faɗi muke darewa, wai kada yawunsa ya taɓa mu, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Mun koya wa mutane su rufe ciwonsu ruf, ranar da suka buɗe baki neman haƙƙinsu kuma mu ce ina shaida. Ko da Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, mun yi ta murna don yaran da za a haifa, waɗanda ke gabanmu kuwa ba mu ƙara musu ko sannu ba.

Jiya aka sallamo 'yar maƙwabciyata daga asibiti. Ta shigo gaishe da Inna tana tafe a hankali, hannu ɗaya dafe da bango. Wata ta fara cewa, "A'a, ai kin ma warke," Inna ta ɗaga mata hannu. Ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta kalli ƙugun yarinyar, ta mayar, ta sa aka ɗauko ta roba mai tsayi. Ta ce, "Zauna, jikata. Yau ina ne ke miki ciwo?" Yarinyar ta nuna ƙugun hagu. Inna ta ce ranar Litinin a karɓo takardar likita, ita da kanta za ta raka su wurin mai rubutun, da gorar ruwa da lema.